Daga Jiƙo zuwa Ɗakin Gwaji: Tarihin Binciken Makaran Tsatsa a Itatuwan Maganin Hausawa

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata baƙuwar kalma ta shigo bakin masu tallar maganin gargajiya a kasuwanni da tashoshin mota da gidajen rediyo, wato "antioksidan". Ana rubuta ta a jikin robar garin zogale da ƙunshin zoɓorodo, ana kuma kafa hujja da ita cewa magani yana warkar da hawan jini da ciwon sukari da ciwon daji, har ma yana hana tsufa. Ɗalibanmu suna jin wannan kalma a waje, suna kuma tarar da ita a darasin kimiyya cikin Ingilishi, amma da wuya su ji an ambace ta a ajin Hausa, inda ake koyar da magungunan gargajiya a ƙarƙashin al'ada. Wannan giɓi ne ya sa muka ga dacewar bin sawun al'amarin tun daga tushe, domin malamin Hausa ya san inda gaskiya ta tsaya da inda talla ta fara. Za mu duba yadda Hausawa suka adana iliminsu na itatuwa, da yadda aka mayar da shi a rubuce, da yadda masana kimiyya suka gano waɗannan sinadarai, sannan mu kawo abin da muke ganin ya kamata manhaja ta ɗauka.

2.0 Tsatsa da Makarinta

Bahaushe ya daɗe da sanin aikin iska a kan abubuwa, ko da yake bai haɗa su a ƙarƙashin suna guda ba. Ya ga fartanyar da aka bari a waje ta yi tsatsa. Ya ga goron da aka ɓara ya sha iska ya sauya launi. Marinin Ƙofar Mata a Kano ya san zane yana fitowa daga karofi da launin kore-kore, sai ya sha iska kafin ya koma shuɗi. Mai sayar da man gyaɗa kuwa ta san idan mai ya daɗe a buɗe, ƙanshinsa da ɗanɗanonsa suna juyawa. A wurin masana kimiyyar sinadarai duk waɗannan aiki ɗaya ne: iskar oksijin ce take haɗuwa da abu, ta ƙwace masa wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, sai halittarsa ta canza.

Irin wannan yana faruwa a cikin jikin ɗan Adam. Yayin da jiki yake ƙona abinci da oksijin don samun kuzari, wasu ƙwayoyin sinadari marasa natsuwa suna kuɓucewa. Kowace tana ɗauke da ilektiron guda maras abokin zama, don haka sai ta fizgi na maƙwabta, ko daga kitsen da ya kewaye ƙwayoyin halitta, ko daga furotin, ko daga kundin gado da ke tsakiyar ƙwayar halitta. A wannan maƙala za mu kira su sakakkun ƙwayoyi, mu kira ɓarnar da suke yi tsatsar jiki. Shi kuwa antioksidan, sinadari ne da yake miƙa nasa ilektiron ga sakakkiyar ƙwaya, ta natsu, ɓarna ta tsaya. Tun da Hausa tana da kalmar "makari" ga abin da ke karya dafi ko sammu, mun zaɓi mu kira shi makarin tsatsa, jam'insa makaran tsatsa. Fitattu daga cikinsu su ne bitamin C da bitamin E da karotin, sai kuma babban dangin da ake kira polifenol, wanda ya ƙunshi tanin mai bauri da antosayanin mai ba tsiro launin ja.

3.0 Ilimin Itatuwa Kafin Zuwan Turawa

A ƙasar Hausa ilimin magani bai taɓa taruwa a hannun mutum ɗaya ba. Boka yana da nasa, 'yar mai ganye tana da nata, haka wanzami da ungozoma da maɗori da maharbi da masunci da maƙeri, kowa da fannin da ya gada. Hanyoyin sarrafawa su ma sanannu ne: jiƙo da tsimi da dafawa da dakawa da turare da surace da shafawa, ana amfani da ganye ko sassaƙe ko saiwa ko 'ya'ya, gwargwadon itacen da cutar. Sabara ta shahara wajen dauri da ciwon ciki, maɗaci wajen zazzaɓi, marke wajen tari, bagaruwa wajen gudawa da miki. Wannan ilimi ya zo ne ta hanyar gado da jarrabawa, kuma yawancinsa a ka yake, shi ya sa ake cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Abin lura a nan shi ne, tsakanin tukunyar miya da tukunyar magani babu katanga. Kuka da yakuwa da zogale da tafasa da tsamiya da daddawa abinci ne na yau da kullum, kuma su ne dai ake komawa gare su idan jiki ya ƙi daɗi. Haka nan sana'a ta sa Bahaushe ya san ƙarfin wasu sinadarai tun kafin a raɗa musu suna. Majema sun daɗe suna jiƙa fata a ruwan bagaruwa domin kada ta ruɓe, kuma da wannan jima ne fatar akuyar Sakkwato da Kano ta yi suna har ƙetaren Sahara. Abin da ke aiki a cikin bagaruwa shi ne tanin, ɗaya daga cikin sinadaran da daga baya aka auna aka same su da ƙarfin kare tsatsa.

Fatauci ma ya ƙara wa taskar magani yawa. Fatake sun kawo goro daga Gwanja, ayarin Sahara da mahajjata sun kawo kanumfari da habbatus sauda. Zogale kansa baƙo ne daga arewacin Indiya, kuma ɗaya daga cikin sunayensa, wato bagaruwar Makka, yana nuna cewa Hausawa sun san daga gabas ya zo.

Ba za a ce babu rubutu sam ba. Malaman Daular Sakkwato sun yi talifi da Larabci a kan magani, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Ya rubuta a kan maganin basir da ciwon ido da amfanin filasko wajen sassauta ciki, yana dogaro da littattafan likitancin Musulunci. Lokacin da Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a shekarar 1824, daga cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa da likita. Wannan yana nuna mana cewa tun a wancan zamani shugabannin ilimi ba su ɗauki magani a matsayin rufaffen ɗaki ba.

4.0 Zamanin Tattara Sunaye

Matakin farko na shigar itatuwanmu cikin kimiyyar zamani shi ne raɗa musu sunan Latin. Bafaranshe Michel Adanson ya ga kuka a Senegal a 1749, daga sunansa ne kuma aka samo Adansonia. Likita Walter Oudney, abokin tafiyar Clapperton, ya tattara tsirrai kafin ya rasu kusa da Katagum a 1824, masanin tsirrai Robert Brown ya yi nazarinsu ya buga bayani a 1826, inda ya sa wa dangin ɗorawa suna Parkia domin tunawa da Mungo Park.

Aikin da ya fi shafar mu shi ne na John McEwen Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka ɗan ƙasar Sikotlan, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, inda ya jera kowane suna da takwaransa na Latin. A 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill ya sake faɗaɗawa zuwa juzu'i 6 tsakanin 1985 da 2004. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ma ya taskace sunayen itatuwa masu yawa. A ɓangaren Nijar, an buga nazari a kan itatuwan maganin Hausawan Adar a 1972, sannan ayarin masana ƙarƙashin Édouard Adjanohoun ya fitar da rahoto a kan tsirran maganin ƙasar a 1980.

Amfanin wannan aiki ba ya misaltuwa, domin sai an tabbatar da wane itace ake nufi kafin a gwada shi. Itace ɗaya yana iya samun sunaye da yawa: abin da Kano ke kira yakuwa, Sakkwato sure take ce masa, itacen da aka shigo da shi daga Indiya a zamanin Turawa kuwa, wani ya ce dogon yaro, wani darbejiya, wani maina, wani bedi. Haka kuma suna ɗaya yana iya hawa kan itatuwa biyu. Sai dai akwai naƙasu guda: an rubuta sunan itace da amfaninsa, amma da wuya a ga sunan boka ko tsohuwar da ta ba da bayanin. Ilimi ya shiga littafi, masu shi sun tsaya a waje.

5.0 Yadda Kimiyya ta Gano Makaran Tsatsa

Yayin da ake wancan aiki a nan, wani bincike daban yana tafiya a Turai da Amurka, wanda da farko ba shi da alaƙa da magani. A 1900 Moses Gomberg na Jami'ar Mishigan ya tabbatar da samuwar sakakkun ƙwayoyi. A shekarun 1920 Faransawa biyu, Charles Moureu da Charles Dufraisse, sun yi nazarin sinadaran da ke jinkirta aikin oksijin, kuma masana'antu ne suka fara cin moriyarsu wajen hana roba tsagewa da hana mai lalacewa. A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano bitamin E. Albert Szent-Györgyi ɗan ƙasar Hangari ya tace wani sinadari a 1928, wanda aka tabbatar a 1932 cewa shi ne bitamin C, ya kuma sami kyautar Nobel a 1937.

Juyin ya zo ne a tsakiyar ƙarni. A 1954 Rebeca Gerschman 'yar Ajantina da abokan aikinta suka nuna cewa cutarwar oksijin mai yawa da cutarwar tururin nukiliya hanyarsu ɗaya, wato sakakkun ƙwayoyi. A 1956 Denham Harman ya gabatar da ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna ce take kawo tsufa. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera wani sinadari wanda aikinsa kawai shi ne kashe kaifin wata sakakkiyar ƙwaya. Wannan ya gamsar da masu shakka cewa lallai tsatsar jiki gaskiya ce, tun da ga makarinta a cikin halitta. Daga nan tunani ya tafi kai tsaye: in tsatsa tana da hannu a ciwon zuciya da daji da tsufa, kuma masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa sun fi samun sauƙin waɗannan cututtuka, to wataƙila makaran tsatsa ne sirrin.

6.0 Haɗuwar Hanyoyin Biyu

Bayan samun mulkin kai, ƙasashen Afirka sun waiwayi maganin gargajiya da idon daraja. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kira taron masana itatuwan magani a Dakar a 1968, taron Alma-Ata na 1978 kuma ya amince da shigar masu maganin gargajiya cikin kiwon lafiya matakin farko. A Nijeriya, Abayomi Sofowora ya buga littafinsa a kan itatuwan magani na Afirka a 1982, Muhammadu Hambali Jinju ya buga nasa a kan na ƙasar Hausa a 1990, Aliyu Muhammadu Bunza kuma ya kammala kundin digirinsa na uku a kan magungunan Hausa a rubuce a Jami'ar Bayero a 1995. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, aka fitar da kundin ƙa'idojin magungunan itatuwa na ƙasa a 2008.

Daga ƙarshen shekarun 1990 gwajin makaran tsatsa ya bazu a jami'o'inmu, kuma dalilin bazuwarsa shi ne araha. Akwai wani sinadari mai launin shunayya da ake kira DPPH, wanda Marsden Blois ya fara amfani da shi a 1958. Ana ɗiga masa ruwan tsiro, in akwai makari a ciki sai launin ya koɗe ya koma rawaya, a auna koɗewar da na'ura. Da wannan gwaji da ire-irensa aka bi itatuwanmu ɗaya bayan ɗaya. An sami antosayanin a jan zoɓorodo, bitamin C mai yawa a farin garin 'ya'yan kuka, karotin da polifenol a ganyen zogale, tanin a bagaruwa da marke, bitamin E a man kaɗanya. Kanumfari kuwa yana cikin waɗanda suka fi kowane kayan yaji ƙarfi a irin wannan awo. Kasuwar duniya ma ta lura: a 2008 Tarayyar Turai ta amince da shigar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci.

Kaɗan daga cikin waɗannan tsirrai an gwada su a jikin mutane. Misali mai kyau shi ne binciken Jami'ar Tufts ta Amurka da aka buga a 2010, inda mutum 65 masu ɗan hawan jini suka shiga gwaji na mako 6. Waɗanda suka riƙa shan kofi 3 na ruwan zoɓorodo a kullum, awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7, fiye da na waɗanda aka ba abin sha na kwaikwayo. Sakamako ne mai ƙarfafa guiwa, amma ragi ne matsakaici, ba warkewa ba.

7.0 Inda Aka Yi Tuntuɓe

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Da aka ɗauki makaran tsatsa aka mayar da su ƙwayoyi aka ba dubban mutane, sakamakon ya saɓa wa zato. A Finlan, gwajin da aka buga a 1994 a kan maza mashaya taba fiye da 29,000 ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayar karotin sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Wani gwaji makamancinsa a Amurka an dakatar da shi a 1996 kafin wa'adinsa saboda irin wannan dalili. A 2011 kuma wani gwaji na maza fiye da 35,000 ya nuna ƙwayar bitamin E ta ƙara haɗarin dajin mafitsarar maniyyi da kashi 17 cikin 100. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin makaran tsatsa a abinci, saboda 'yan kasuwa suna talla da shi, alhali babu hujjar cewa awon cikin kwalba yana nuna abin da ke faruwa a jiki.

Dalilan sun fito fili daga baya. Yawancin polifenol kaɗan ne yake ratsa hanji ya shiga jini, wanda ya shiga kuma hanta tana sauya masa kama. Bugu da ƙari, sakakkun ƙwayoyi ba ɓarna kaɗai suke yi ba: da su fararen ƙwayoyin jini suke kashe ƙwayoyin cuta, da su kuma ƙwayoyin halitta suke aika wa juna saƙo.

A nan ne wani bincike da aka yi a ƙasar Hausa ya cancanci a tuna da shi. Nina Etkin da Paul Ross sun zauna a wani ƙauye na ƙasar Kano tun daga tsakiyar shekarun 1970, suka kuma buga sakamakonsu a farkon shekarun 1980. Sun nuna yadda abinci da magani suke cuɗanya a wurin Hausawa, suka kuma kawo hujjar cewa wasu tsirran da ake sha don zazzaɓi suna ƙara tsatsa ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yanayin da ƙwayar cutar cizon sauro ba ta jurewa. Maganin atemisinin da Tu Youyou da abokan aikinta suka tace a Sin a 1972 daga wani ɗan uwan tazargade, shi ma da sakakkun ƙwayoyi yake kashe cutar. Ke nan wani itacen, amfaninsa yana cikin kishiyar abin da ake tallarsa da shi.

Har ila yau, abin da ke da amfani yana iya zama da illa idan ya haɗu da wani. Tanin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda mai ciki da mai ƙarancin jini suke bukata. Wani bincike na Sudan a 1994 ya nuna cewa shan ruwan zoɓorodo ko na tsamiya tare da kulorokwin yana rage adadin maganin da ke shiga jini. Zuma da zaƙi, da harbi.

8.0 Abin da Manhaja za ta Ɗauka

Daga bayanan da suka gabata, muna ganin darasin magungunan gargajiya yana bukatar gyara ta fuska huɗu:

(i) A daidaita keɓaɓɓun kalmomi. Mun gabatar da "makarin tsatsa" da "sakakkun ƙwayoyi" a matsayin shawara, muna kuma fatan malaman harshe da na kimiyya su zauna tare su tace su.

(ii) A fara da abin da ɗalibi ya sani. Goro da karofi da majema sun ishi malami misali kafin ya ambaci oksijin, kuma ana iya nuna su a aji ba tare da tsadar kayan aiki ba.

(iii) A koya wa ɗalibi matakan hujja, ya bambanta abin da aka gada, da abin da aka gani a kwalba, da abin da aka gwada a dabba, da abin da aka tabbatar a jikin mutane. Wanda ya san waɗannan matakai, mai lasifika ba zai ruɗe shi ba, kuma ba zai sa mahaifinsa ya ajiye maganin asibiti saboda garin ganye ba.

(iv) A tura ɗalibai su tattara sunayen itatuwan yankinsu da karin harshensu, su rubuta sunan wanda ya ba su bayani in ya yarda, domin a gyara naƙasun da muka ambata a aikin magabata. A haɗa da ilimin adanawa, kamar shanya ganye a inuwa, tun da rana da dogon dahuwa suna cinye bitamin C.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda ilimin itatuwa ya taso daga gado da jarrabawa, ya shiga talifin malaman Sakkwato, ya sami sunayen Latin a hannun su Dalziel, sannan ya haɗu da binciken makaran tsatsa a ƙarshen ƙarni na 20. Abin da ya tabbata shi ne, itatuwanmu suna ɗauke da waɗannan sinadarai, kuma cin ganye da 'ya'yan itatuwa a cikin abinci yana tare da ƙoshin lafiya. Abin da bai tabbata ba shi ne cewa koɗewar launi a kwalba tana nufin warkar da cuta. Tsakanin waɗannan biyu ne malamin Hausa zai tsaya, kada ya raina abin da kakanni suka bari, kada kuma ya ɗora masa nauyin da bai ɗauka ba. Aikin na gaggawa ne, domin gatari yana cin marke da maɗaci da ɗorawa, tsofaffin da suka san su suna ƙarewa, kuma yaron da bai taɓa ganin sabara ba, ba zai tambayi amfaninta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.